TARIHIN AKWATIN HOTO MAI BAWUL, DA YADDA A KE TA DA SHI

Dalilin wannan rubutu wata takarda ce da ta iso mana daga wani ɗanmu da ke neman abinci a Amurka, a wani gari da a ke kira Annandale, cikin jihar Bajiniya, dab da birnin Washintan. Ya ce an kwashe kayan wani tsohon gida a unguwarsu, aka fito da wani akwatin talabijin na katako, irin na da, mai nauyin da sai mutum biyu sun kama. Ya saye shi da araha, yana so ya sa shi a jirgin ruwa ya aiko wa mahaifinsa, don ya sha jin tsohon yana ba da labarin irinsa. Tambayarsa biyu ce. Ta fari, ya ba shi wuta ya gani ko yana da rai? Ta biyu, in yana da rai, zai yi aiki a nan gida?

Amsa a gajarce ita ce, kada ya kuskura ya ba shi wuta tukuna, kuma ko an gyara shi ba zai nuna kome a Gana ba sai an yi masa dabara. Amma yaro ba ya riƙe hani in ba a gaya masa dalili ba. Saboda haka muka ga ya kamata mu bi zancen tun daga tushe, tun da ya ke a zangunanmu ma akwai ɗakunan da irin wannan akwati ke ajiye, an rufe shi da zane, an ɗora masa kwanuka.

ASALIN BAWUL

Wanda ya leƙa bayan tsohon akwati yana aiki, zai ga waɗansu 'yan kwalabe a tsaitsaye, cikinsu ya yi ja kamar garwashi. Su ne bawul. An zuƙe iskar da ke cikin ko wacce, aka sa wani siririn zare da ke yin zafi in wuta ta bi shi. Zafin nan shi ke sa ƙwayoyin lantarki su tashi daga wani ƙarfe su tsallaka zuwa wani. Wani Bature na Ingila, John Ambrose Fleming, shi ya fara ƙera ta a 1904. A 1906 Lee de Forest na Amurka ya sa wata 'yar raga a tsakani, ya zama wuta kaɗan da aka ba ragar tana iya sarrafa wuta mai yawa da ke wucewa. Da wannan aka sami hanyar ƙara wa raunanar murya ƙarfi, kuma a kansa aka gina rediyo da talabijin duka.

Gilashin da a ke kallo shi ma bawul ne, sai dai babba. Karl Ferdinand Braun na Jamus ya ƙago irinsa tun 1897. A can ƙarshen wuyansa akwai wurin da ke harbo ƙwayoyin lantarki, su zo su bugi wani gari da aka shafa a cikin fuskar gilashin, wurin da suka buga ya yi haske. Harbin nan yana bin fuskar layi layi, daga hagu zuwa dama, daga sama har ƙasa, da saurin da ido ba ya iya rabewa. Watau ɗigo guda ne ke gudu, idon mutum kuwa ya gan shi hoto cikakke.

ABIN DA YA FARU A WASHINTAN

Ɗanmu bai sani ba, ƙasar da ya ke takawa tana cikin wuraren da aka fara wannan al'amari. A ran 13 ga Yuni 1925 wani mutum, Charles Francis Jenkins, ya aika da inuwar wata 'yar fanka mai juyawa ta iska, daga tashar sojan ruwa ta Anacostia zuwa ɗakin aikinsa cikin Washintan, manyan gwamnati suna kallo. A ran 7 ga Afrilu 1927 Herbert Hoover, wanda a lokacin shi ne ministan ciniki, daga baya kuma ya zama shugaban ƙasa, ya yi magana a Washintan aka ga fuskarsa a Niyok ta waya. A ran 2 ga Yuli 1928 Jenkins ya buɗe tasharsa mai suna W3XK, wadda daga baya ya mai da ita Wheaton, cikin jihar Meriland.

Amma na'urar Jenkins faifai ne mai huji da ke juyawa, layinta 48 kaɗai, hoton kuwa kamar inuwa a bango. Irin wannan hanya John Logie Baird ya bi a Landan, inda ya nuna tasa a Janairu 1926. Ba ta daɗe ba. Philo Farnsworth ya gwada hanyar lantarki zalla a 1927, kamfanin RCA ya zuba kuɗi mai yawa a kanta, a Nuwamba 1936 kuma BBC ta fara watsa hoto a kai a kai daga Alexandra Palace. Sai Yaƙin Duniya na Biyu ya tsai da kome. BBC ta rufe a 1939, Amurka ta daina ƙera akwatuna a 1942, aka juya masana'antu wajen kayan yaƙi.

Bayan yaƙi abin ya ɓarke. A 1946 RCA ta fito da akwatin da a ke kira 630-TS, bawul 30 gare shi, faɗin gilashinsa inci 10, kuɗinsa ya wuce dala 300. Kafin ƙarshen 1949 tasha huɗu ke aiki a Washintan. A 1950 gida tara cikin ɗari ne ke da talabijin a Amurka, a 1960 kuwa ya kusa kai tara cikin goma. A daidai shekarun nan ne Annandale ta tashi daga gonaki ta zama unguwar ma'aikatan gwamnati, aka yi ta gina gidaje, ko wane gida da eriyarsa a kan rufi. Masu gidajen nan sun tsufa, da yawa sun riga mu gidan gaskiya, magada suna kwashe kaya. Daga nan akwatin ɗanmu ya fito.

YADDA YA ISO ƘASASHENMU

Mu murya muka fara samu kafin hoto. A ran 31 ga Yuli 1935 Gwamna Arnold Hodson ya buɗe tashar ZOY a Ankara, wadda ke kai magana gidaje ta waya zuwa wani ɗan akwati, Hausa kuwa tana cikin harsunan ƙasa da aka riƙa watsawa da su daga baya. Hoto ya fara zuwa Afirka ta Yamma a Badun, a ran 31 ga Oktoba 1959, sa'ad da gwamnatin Jihar Yamma ta Cif Obafemi Awolowo ta buɗe WNTV. Dalilinsa har da siyasa: a 1953 Gwamna Macpherson ya soki jam'iyyarsa a rediyon gwamnati, aka hana shi ya mai da martani, ya ƙudura sai jiharsa ta yi bakinta na kanta. Inugu ta bi baya a 1960. A 1962 gwamnatin Sardauna ta buɗe ta Kaduna, a shekarar kuma gwamnatin tarayya ta buɗe tata a Ikko. Daga Kaduna ne Hausa ta sami gindin zama a gilashi, har aka zo zamanin wasannin Samanja na Usman Baba Pategi da na Ƙasimu Yero. A Nijar kuwa makaranta aka fara yi wa talabijin, a 1964, don a koyar da yara, ta jama'a ta zo daga baya.

Gana ta jinkirta da gangan, aka aika da ma'aikata Kanada koyon aiki. A ran 31 ga Yuli 1965, shekara talatin cif bayan ZOY, Kwame Nkrumah ya buɗe talabijin ta Gana, a watan da aka fito da kuɗin sidi. Shugabar tashar ta farko ita ce Shirley Graham Du Bois, baƙar Ba'amurkiya, matar Dokta Du Bois wanda ya rasu a Ankara a 1963. Nufin Nkrumah shi ne a yi ilimi da ita, kada ta zama ta talla da shashanci. Aka kafa na'urorin watsawa a Ajangote da Kissi da Jamasi, aka yi masana'antar Sanyo a Tema don harhaɗa rediyo da akwatuna, madatsar Akosombo kuma ta soma ba da wuta. Wata bakwai bai cika ba aka hamɓare shi, a ran 24 ga Fabrairu 1966. Hoto mai launi bai zo ba sai 1985.

Dattawan Nima da Sabon Zango da Aboabo ba su bukatar a gaya musu yadda a ke kallo a zamanin. Akwati ɗaya ke ɗaukar lungu guda. Mai gida ya fito da shi tsakar gida bayan sallar magariba, manya a kan benci, yara a ƙasa, waɗansu a kan katanga. A murɗa, a jira, sai murya ta fara zuwa kāna hoto ya biyo baya, domin sai bawul sun yi zafi. In hoto ya soma birgima a tura yaro ya juya eriya, ana yi masa ihu daga ƙasa. Ba kuma duk akwatunan nan suka tsufa a hannun masu su ba. A Nuwamba 1969 gwamnatin Busia ta yi dokar korar baƙi marasa takarda, mutanen zango da yawa suka sayar da kayansu a wulaƙance suka hau mota. Wanda akwatin ubansa ya tsira har yau, ya san ba ƙaramin abu ya gada ba.

MASU GYARA

Bawul tana cin wuta, tana zafi, tana gajiya. Don haka akwatin da ba ya shekara bai ga mai gyara ba. Amma an yi shi ne don a gyara: bawul a rami ta ke, a cire ta da hannu a sa wata, sauran kayan kuma manya ne, ido na ganinsu, ƙarfen dalma na kai musu. A Amurka tun 1946 kamfanin Howard W. Sams ke buga taswirar cikin ko wane akwati don masu gyara. A wajenmu sana'ar ta bi hanyar da sauran sana'o'i ke bi. Uba ya kai yaro wurin maigida, yaro ya yi shekaru yana shara da riƙon fitila kafin a bar shi ya taɓa waya. Wanda ya ƙware yakan gane ciwo daga fuskar hoto: in ya tsuke ya zama layi ɗaya a kwance ya san inda zai duba, in murya na nan hoto babu ya san wani wurin ne.

Abin da ya kashe bawul an haife shi tun 1947, watau taransista, wadda ba ta bukatar zafi, ba ta cin wuta sosai. A 1960 Sony ta fito da ƙaramin akwati mai taransista, cikin shekarun 1970 kuma bawul ta fita daga sababbin akwatuna, sai babban gilashin kaɗai ya rage. Shi ma faifan bango ya kore shi bayan shekara ta 2000. Saboda haka ba ko wane akwati mai ƙusumbi ne mai bawul ba. Alamarsa ita ce ramukan shan iska a baya, da 'yan kwalaben nan a ciki.

ABIN DA KE MUTUWA A CIKI

Mutane sun ɗauka bawul ce ke fara lalacewa in akwati ya daɗe a ajiye. Sau da yawa lafiyarta lau, domin abin da ke cikin gilashi marar iska ba ya tsatsa. Mai laifin ita ce kwandansa, wadda aikinta ta riƙe wuta ta sake. Ta zamanin da takarda aka yi ta aka tsoma a kakin zuma. Takarda tana shan laima, bayan shekara sittin sai ta riƙa yoyon wuta. Akwai kuma manya, masu kama da gwangwani, da ke da ɗan ruwan magani a ciki, su kuwa bushewa su ke yi. In aka ba irin wannan akwati wuta gaba ɗaya, kwandansa ta toshe, wuta ta yi yawa, taransfoma ta ƙone. Kwandansa kuɗinta kaɗan ne, tana kasuwa. Taransfomar akwatin 1950 kuwa ba a ƙera ta yanzu. Minti ɗaya na gaggawa ya isa ya kashe abin da ya jira shekara saba'in.

Ga yadda masana ke bi. Da fari a buɗe baya a duba da ido, a share ƙura, a nemi ɓarnar ɓera da wayar da fatarta ta farfashe. Sa'an nan a nemo taswirar akwatin ta lambarsa. A auna babban gilashi tun da wuri, domin in ya mutu sauran wahalar banza ce: masana'anta ta ƙarshe da ke sabunta shi a Amurka, a jihar Iowa, ta rufe a 2010. In yana da rai, a canja manyan kwandansa, a bi na takarda ɗaya bayan ɗaya, a cire guda a sa guda, kada a yanke biyu tare a manta mazauninsu. A auna sauran ƙananan kaya, wanda ya kauce wa lambarsa a canja shi. Ranar ba da wuta kuma ba kai tsaye ba: a sa ƙwan fitila irin na da, mai zare, a kan hanyar wutar. In ƙwan ya haska ya dushe, alheri ne. In ya tsaya da haske sosai, akwai toshiya, a kashe nan da nan. Masu hali suna amfani da taransfoma mai murɗawa, su ɗaga wuta sannu sannu.

Samari, ku ji wannan da kyau. Gilashin akwati baƙi da fari yana aiki da bolt 9,000 har zuwa 18,000, mai launi ya kai 25,000, kuma yana riƙe wutar bayan an cire filogi, sai an sauke ta da gangan. Bolt 300 ko 400 da ke yawo cikin sauran wayoyin ya fi wannan kisa, domin akwai ƙarfi a bayansa. Akwai kuma akwatunan da aka yi ba taransfoma, waɗanda ƙarfen gindinsu a haɗe ya ke da wutar gida. Gilashin kansa babu iska a ciki, in aka ɗauke shi ta wuya ko aka buge shi, sai ya rufta ya watso tsinke. Wannan ba aikin da a ke koya daga waya ba ne kai kaɗai. A zauna kusa da wanda ya sani.

KO ZAI YI AIKI A GIDA?

Akwatin Amurka an yi shi don wutar bolt 120 mai bugu 60 a daƙiƙa, hotonsa layi 525. Wutar Gana bolt 230 ce mai bugu 50, hoton da muka saba da shi kuwa layi 625. In aka soka shi a bangon Nima ba taransfomar rage wuta, hayaƙi za a gani. Ko an rage wutar, hoton ba zai zauna ba sai an sa na'urar juya layi. Har a can Amurkan ma ba ya kama kome daga iska, domin manyan tashoshi sun daina watsa tsohon salo tun ran 12 ga Yuni 2009, ƙasashenmu ma sun kama wannan hanya. Yanzu sai a haɗa shi da dikoda da wata 'yar na'ura da ke mai da sabon saƙo irin na da, ta shigar da shi ta wurin eriya.

Shawararmu ga ɗanmu ita ce ya gyara shi a inda ya ke. A garin Bowie, cikin Meriland, ba nisa da shi, an buɗe gidan tarihin rediyo da talabijin a 1999, masu aikin sa kai suka cika shi da irin waɗannan akwatuna. A wurin irinsu zai sami mai nuna masa hanya. In ya tashi, ya ɗauki hotonsa yana aiki ya aiko wa tsohon, kuɗin jirgin kuwa ya aiko a gyara wanda ke ɗakin tsohon, in akwai.

ABIN DA YA RAGE GARE MU

Kowa ya san inda tsofaffin akwatunanmu suka ƙare. Mai kura ya zaga lungu, a ba shi a karɓi na goro, ya kai Agbogbloshie, inda samari, yawancinsu daga Arewa, su ke fasa su da guduma, su ƙona waya don jan ƙarfe. Gilashin nan, musamman na mai launi, akwai dalma a jikinsa, hayaƙin wayar kuwa guba ne ga ƙirji. Hukuma ta rushe wurin a Yuli 2021, aikin ya watsu zuwa waɗansu wurare. Abin da aka tara kuɗin wata da watanni aka saya, ya koma ƙarfen awo.

Asarar katako da gilashi mai sauƙi ce a kan asarar masu sani. Wanda ya shiga koyon gyara yana ɗan shekara goma sha biyar a 1965, yau ya haura saba'in. Ba su da yawa, kuma abin da ke kansu ba a rubuce ya ke ba. Shi kuwa yaron da ya fahimci bawul ya fahimci tushen lantarki, domin a cikinta kome a fili ya ke, ana bin wuta daga ƙofa zuwa ƙofa, abin da allon wayar hannu ba ya nunawa.

Don haka muna roƙon abu uku. Duk gidan da ke da tsohon akwati ko tsohuwar rediyo, kada a sayar, kada kuma a ba shi wuta, a sanar da ƙungiya a rubuta sunansa da lambarsa da shekarar da aka saya. Dattawan da suka yi sana'ar su ba mu yini ɗaya a wata, a tara musu samari. Samari kuma su zo da takarda da alƙalami, su tambayi tsofaffi abin da suka fara gani a gilashi, da gidan wa, da wace shekara. In muka samu ko akwati ɗaya ya tashi, za a kafa shi a ɗakin taro, a kira waɗanda suka kalle shi suna yara su zauna a gaba.

Allah ya ji ƙan magabatanmu, ya sa albarka a hannun masu sana'a, ya tsare 'ya'yanmu na gida da na waje. Amin. Wassalam.